Fensirin Sajan Manga

Ban yi makarantar fastoci ba,
ni mai awon dawa ce a kasuwar Zuru.
Baƙi ma sai da furfura ta fito na gane shi,
ajin yamma, bayan coci, kan bencin yara,
Malama Rifkatu na riƙe da yatsana.

Abu uku Sajan Manga ya bar mini:
fanshon da ba ya zuwa sai an bi shi,
bargon soja, da Littafin nan
da aka ɗinke gindinsa da zaren buhu.
Na huɗun sai daga baya na gan shi,
guntun fensiri kwance a tsakiya.

Da fari na ɗauko shi da gudu,
babi uku kullum, wai in sauke kafin Kirsimeti.
Ina isa jerin wane ya haifi wane
barci ya kwashe ni, tocila ta cinye batir.
Da safe na laluba kaina,
ashe da rariya na ɗebi ruwa.

Sai na koma ga abin da na iya.
Ba a juye buhu a turmi gaba ɗaya.
Aya biyar, mudu guda ke nan, ya ishe ni.
Kafin jirwaye in ce, Uba, buɗe mini, shi ke nan addu'ar.
In karanta a bayyane sau biyu,
in rufe, in maimaita da harshen uwata
ga awakin da ke jiran dusa.
Inda na kasa faɗa da bakina,
nan ne ban fahimta ba, sai in koma.

Ba na sayen dawa don kyan saman buhu,
sai na tura hannu har gwiwa.
Haka nake wa aya: me ke gabanta, me ke bayanta,
wa ke magana, da wa yake yi,
cikin yunwa ne ko lokacin kaka?

Kalmar da ta fi ƙarfin haƙorina
in rubuta ta bayan littafin bashi,
ƙarƙashin sunan masu cin dawata ba biya.
Ran Lahadi in tare Fasto Tanko bakin ƙofa.
Wata rana ya ce, Mama, ban sani ba, bari in duba.
Tun ranar na ƙara yarda da shi.

Guda ɗaya nake ƙullewa a bakin zane in tafi kasuwa.
Ita ta sa na jefar da kwanon nan mai lotsattsen gindi
da nake auna wa baƙi da shi.
Ban gaya wa kowa ba. Yanzu na faɗa.

Sajan ya ja layi a wurare da yawa.
Wani wurin in ce, ka yi daidai.
Wani in ce, kai dai soja ne,
duk inda aka ambaci yaƙi sai ka danna fensiri.
Muna gardama yanzu fiye da yana raye.

Sai wata asuba ta damina,
a shafin da mai addu'a ke ƙorafin an manta da shi,
na ga kwanan wata a gefe, da ƙananan baƙi.
Ranar da muka binne Keziya ce.
Shekara ashirin da shida ina riƙe da shi a zuci,
mutumin da bai zubar da hawaye ko ɗaya ba
ya sa takalmi ya koma bariki.
Takardar wurin ta kumbura, ta yi ƙunci,
kamar ganyen da ruwa ya taɓa ya bushe.

Ranar ban kai aya biyar ba.
Awaki suka yi ta kuka.

Na fiƙe fensirin da reza,
saura bai kai ɗan yatsana ba,
na rubuta ƙarƙashin nasa: Na gani.
Gobe zan ɗora daga nan.